Kyamarar babur mai ido biyu, da ranar da motar 'yan sanda ta biyo bayana

Wata tara ke nan da na ɗaura kyamarar nan a jikin babur ɗina, kuma ba zan ɓoye dalilin sayenta ba: saboda 'yan sanda na saye ta. Shekara goma sha ɗaya ina hawan mashin zuwa aiki da dawowa, kuma duk mahayi ya san yadda gaba ke faɗuwa idan ka ɗaga ido a madubi ka ga motar sintiri tana biye da kai. Na so in riƙa yawo da shaidar da ba ta mantuwa, ba a kuma razana ta. Ashe ni ne mutumin farko da za ta ba da shaida a kansa.

Irin wadda ake ɗaurawa a jikin babur ce, ba ta kan hular kwano ba. Ido biyu gare ta, kowane bai fi babban yatsa ba. Ɗaya yana gaba ƙarƙashin fitila, ɗaya yana baya dab da lamba. Ƙwaƙwalwarta ɗan akwati ne da bai kai tafin hannu ba, yana kwance ƙarƙashin kujera. Akwai ɗan faifan GPS, mai auna gudu ta tauraron ɗan adam, da ake mannawa a inda yake kallon sama, sai maɓalli guda na kulle bidiyo don kada ya goge, da ake ɗaurewa kusa da babban yatsan hagu. Tana ɗaukar bidiyo 1080p gaba da baya, hoto 30 a kowace daƙiƙa, kuma a ƙasan bidiyon tana rubuta rana da lokaci da gudun da ake yi. Idanun suna da alamar IP67, wato ƙura ba ta shigarsu, kuma suna jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Ruwan sama ya dake su sau da yawa, ban taɓa ganin hazo a cikin gilashin ba.

Haɗa ta ya ci mini yini guda. Wayoyin wuta uku ne: ɗaya zuwa batir, ɗaya zuwa jikin ƙarfe, ta uku kuma ana jona ta da wayar da ba ta samun wuta sai an murza makulli. Takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta taimaka sosai ba, rubutun ƙanana ne, zanen kuma na manyan babura ne masu wurin ajiya da yawa. Nawa mai silinda ɗaya ne, 150cc, sai da na naɗe ragowar waya na ɗaure da roba kafin kujera ta rufu. Amma da aka gama, an gama. Ka murza makulli ta fara ɗauka, ka kashe ta tsaya. Ba caji, ba tuna danna wani abu. Wannan ne ya sa na fifita ta a kan ta kan hula, wadda ranar da ka manta caji ita ce ranar da za ka buƙace ta. Wayar hannu kuwa ban yarda in kafa ta a kan babur don ɗaukar bidiyo ba, domin kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur tana iya lalata kyamarar iPhone.

A mako na uku abin ya faru. Da yamma ne wajen ƙarfe shida, titi mai layi biyu, iyakar gudu kilomita 60 a awa. Motar sintiri ta fito daga wata kwana ta shigo bayana. Ba jiniya, ba fitilar walƙiya. Nan take wuyana ya sandare, tafin hannuna ya jiƙe a cikin safa. A yadda na riƙe abin a raina, sun bi ni kusan minti goma, hancin motarsu kamar zai taɓa tayata, ni kuwa ina tuƙi daidai ba kuskure. Na isa gida raina a ɓace, ko hula ban ajiye ba na zaro katin memori na sa a kwamfuta, ina neman hujjar cewa takura mini suka yi.

Gani ya kori ji. Minti biyu da daƙiƙa arba'in ne duka-duka. A bidiyon baya, tazarar da ke tsakaninmu ba ta taɓa gaza tsawon mota uku ba, kuma wanda ke gefen direba ma kansa a sunkuye yake yana duba wani abu. A mahaɗa ta biyu suka sa sigina suka kama gabansu. Ko a jikinsu.

Bidiyon gaba ne ya sa jikina ya yi sanyi. Kafin su fito, lambobin ƙasan allo suna tsaye: 56, 57, 56. Suna shigowa bayana sai gudun ya faɗo 41, ya haura 67, ya sake saukowa 48. Sau biyu babur ɗin yana karkata har taya ta hau farin layi. Can kuma wata motar kaya da ke gabana ta taka birki, jajayen fitilunta suka kama, amma gudu nawa bai ragu ba sai da daƙiƙa biyu suka wuce. Daga nan sai ka ga hoton ya nutsa ƙasa, alamar na damƙe birkin gaba da ƙarfi, ƙofar bayan motar ta cika allo. Saura ƙiris. Abin da ya fi tayar mini da hankali, wannan birkin ko tuna shi ban yi ba da na isa gida. Hankalina gaba ɗaya yana cikin madubi.

Na zauna na yi lissafi. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan ya kafe ido a madubi daƙiƙa uku, ya yi tafiyar mita 50 bai ga gabansa ba. Masu koyar da tuƙin babur kullum suna nanata cewa babur yana bin inda ido ya kalla, kuma hannun da ya sandare yana aika duk wata rawar jiki kai tsaye zuwa tayar gaba. Mota tana yafe wa direba mai tsoro, ƙafa huɗu gare ta. Babur ba ya yafewa.

Sannan na sake kallon bidiyon da idon ɗan sandan da ke baya. Me zai gani? Mutum yana tafiya lafiya lau, yana ganinsu ya rage gudu, ya ƙara, ya yi tangaɗi, yana waige-waige. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Lasin ɗina yana aiki, inshorata ba ta ƙare ba, babur nawa ne, amma na yi tuƙin wanda ya sha wani abu ko ya ɗauko abin da ba nasa ba. Da sun tsayar da ni a ranar, da ba su zalunce ni ba.

Tun daga nan na sauya yadda nake yi. Motar 'yan sanda da ba ta kunna fitila ko jiniya ba, mota ce kamar kowace mota, kuma sau da yawa hanya ce kawai ta haɗa ku. Ina duba madubi sau ɗaya, in duba maleji sau ɗaya, in mayar da ido gaba. Idan gudun da nake yi yana cikin ƙa'ida, ba na sauya shi, domin rarrafe a kan titi shi ma jan hankali ne, kuma yana sa motocin baya su matse ka. Ina sassauta kafaɗa da gangan, in matse tanki da gwiwa don hannuwa su huta. Ina sa sigina da wuri. Idan na ji zuciyata ta ƙi kwanciya, sai in koma layin masu tafiya a hankali in ba su hanya. Mafi yawan lokuta wucewa suke yi.

Kyamarar ta ƙara mini wata natsuwa da ban nema ba. Na lura idan allurar malejina tana kan 60, GPS yana rubuta 55 ko 56. Da farko na ɗauka ɗayansu ya lalace. Ashe haka ake ƙera su: ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 39, wadda ƙasashen Turai da wasu da dama ke bi, ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya ɗara da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Don haka idan allura tana daidai kan iyaka, kuma ba ka sauya girman taya ba, kusan tabbas kana ƙasa da ita. Babu dalilin da zai sa ka riƙa leƙen allura kowace daƙiƙa.

Akwai maganar da nake ji a bakin wasu matasan mahaya, wai babur ai ba a kamo shi, ka murza totur ka kutsa tsakanin motoci ka ɓace. Wannan magana tana ci mini rai, domin na san yadda take da daɗin ji ga wanda cikinsa ya ɗuri ruwa. Lambarka sun riga sun gani, rediyonsu ya fi injinka sauri, kuma ƙaramin laifin da tara za ta kashe ya koma babban laifi mai kai mutum kotu. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake sau huɗu, kuma mai tsoro ne ke riƙe da birkin. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurran tituna ta Amurka shekara da shekaru suna nuna cewa, a tafiya mai nisa ɗaya, mai babur ya fi wanda ke cikin mota haɗarin mutuwa sama da ninki ashirin. Wannan a tuƙin yau da kullum ne, ba a tsere ba. A 2018 'yan sandan Landan sun fitar da bidiyon yadda suke bankaɗe baburan ɓarayin da suka ƙi tsayawa da motocinsu, da gangan, a matsayin dabarar aiki. Kuma wanda ya arce ba ransa kaɗai ya sa a caca ba, har da na yaron da ke tsallaka titi.

Yanzu ga inda kyamarar ta gaza, kuma gazawar ba kaɗan ba ce. Girgizar inji mai silinda ɗaya tana sa hoton ya riƙa lanƙwashewa kamar ana kallon abu ta cikin ruwa, musamman a giya ta uku. Na sa 'yar roba a ƙarƙashin idon gaba, ya ragu, bai ɓace ba. Da rana ana karanta lambar motar da ke kusa, amma da ta yi nisan mota huɗu ko biyar sai dai launi da siffa. Da dare idon baya kusan makaho ne: fitilun motar da ke biye da kai suna mayar da allon fari fat. Makirfon kuma, da ka wuce kilomita 40 iska kawai yake ji. Manhajarta ta wayar hannu tana aiki, sai dai janyo bidiyon minti uku ta Wi-Fi ya fi kallonsa daɗewa, shi ya sa na koma zaro kati. Katin 64GB yana ɗaukar kusan awa biyar na idanun biyu kafin ta fara goge tsofaffi ta rubuta sababbi a kai. Katin farko da na sa na gama-gari ne, wata uku ya mutu ba tare da wata alama ba, kwana huɗu ina yawo da kyamarar da ba ta ajiye komai. A nemi irin katin da aka yi don rubutu ba tsayawa. Haka kuma na'urar da ke kulle bidiyo idan ta ji karo tana ɗaukar kowane rami a matsayin haɗari, sai da na rage mata ji, in ba haka ba kati cika yake da bidiyoyin da ba sa goguwa.

Babban aibinta kuwa ya shafi ainihin dalilin sayenta. Idan ɗan sanda ya tsayar da kai, abin da ya dace ka kashe inji, don ya san ba arcewa za ka yi ba. To ita kuma da makulli take rayuwa, kana kashe shi ta mutu, daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Babu inda takardar bayani ta ambaci wannan. Dabarar da na samu ita ce in kashe inji da jan maɓallin da ke hannun dama, in bar makulli a kunne. Inji ya yi shiru, kyamara na ci gaba, makirfo ma a lokacin yake jin magana tar. Sai dai fitila tana shan batir, kuma ba kowane ƙaramin babur ke da wannan maɓalli ba. Wanda nasa ba shi da shi ya duba saitin jinkirta kashewa tun kafin ya saya.

A wata na shida aka tsayar da ni da gaske. Dare ne, wajen ƙarfe tara. Walƙiyar fitila ta cika madubaina biyu, jiniya ta yi kuka sau ɗaya ta yi shiru. Wannan karon babu shakka da ni ake. Gabana ya faɗi kamar kullum, amma na san abin yi. Na sa sigina, na ɗaga hannun hagu don su san na gan su, na saki totur a hankali ba tare da damƙe birki ba, domin mota tana bayana. A kan kwanar titi muke, ba gefen tsayawa, ba haske. Na ci gaba a hankali sigina na kiftawa, kamar mita 200, har gaban wani gidan mai inda titi ya buɗe. Na tsaya, na kashe inji, na sauke ƙafa biyu, na ɗaga gilashin hula, na ɗora hannuwana a kan tanki inda zai gan su. Ban sauka ba, ban fara lalube a aljihu ba. Mutumin da ke tahowa ta bayanka cikin dare bai san kai wane ne ba, hannuwanka kawai yake kallo.

Ya zo ta hagu da tocila. Na ce, "Barka da aiki, Yallaɓai."

"Yauwa, Malam. Me ya hana ka tsayawa tun can?"

"Kwana ce, Yallaɓai, ba haske. Na ji tsoron wata mota ta kwashe mu."

Ya yi shiru kaɗan, ya ce in cire hula. Na cire. Ya nemi lasin da takardun babur.

"Suna aljihun rigata na ciki, gefen hagu. In ciro?"

"Ciro."

Na zare safar hannu tukuna, sannan na ciro su a hankali. Yana dubawa na ce, "Yallaɓai, akwai kyamara a jikin babur ɗin, tana ɗauka." Ya haska idon baya da tocila, ya duba, bai ce komai a kai ba. Sai ya ce, "Ka san fitilarka ta baya ba ta ci? Sai da muka zo dab da kai muka gan ka."

Ban sani ba. Mahayi ba ya ganin bayansa. Kilomita nawa na yi a duhu, baƙin abu a kan baƙin titi? Ya yi mini gargaɗi, ya ce kada in sake hawa titi da dare sai na gyara. Na yi godiya daga zuciyata. Kafin in tashi na danna maɓallin hagu don kulle bidiyon, duka bai kai minti shida ba.

Da safe mai gyaran wayar babur ya buɗe kujera ya nuna mini tushen matsalar. Ɗan maƙalin roba mai haƙorin ƙarfe da ya zo cikin kwalin, wanda ake matsewa a kan waya don jan wuta, a kan wayar fitilar baya na sa shi. Girgizar wata shida ta sa haƙorin ya ci wayar har ya yanke ta. Ya cire shi, ya yi haɗin da dalma, ya rufe, ya sa mata fiyus nata daban. Duk wanda ya sayi irin wannan kyamara, ya jefar da maƙalin nan tun ranar farko. Bai kamata a sa shi cikin kayan da aka yi don abin hawa mai girgiza ba.

Na gaya wa ɗan sandan akwai kyamara ne don ba na son ya gano da kansa ya ɗauka tarko na ɗana masa, kuma don dokar ɗaukar bidiyo da murya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A 2010, a jihar Maryland ta Amurka, wani mai babur ya ɗauki bidiyon tsayar da shi da kyamarar hularsa ya sa a YouTube. Aka tuhume shi da naɗar murya ba izini, tuhumar da za ta iya kai shi ɗaurin shekara 16, kafin alƙali ya yi watsi da ita a watan Satumba na shekarar. Amma bidiyon nan dai shi ne ya nuna wa duniya gudun wuce sa'ar da ya yi kafin a tsayar da shi. A Jamus kuma, babbar kotun tarayya ta yanke a 2018 cewa ana iya karɓar bidiyon irin wannan kyamara a matsayin shaida a shari'ar haɗari, duk da cewa ɗauka ba ƙaƙƙautawa ta saɓa wa dokar kare bayanan mutane. Kowa ya binciki dokar inda yake, musamman ta murya. Ana iya kashe makirfon a cikin saiti.

Kuma kyamara ba lasisin gardama ba ce. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar tituna, wadda ƙasashe da yawa suka sa wa hannu, ta ɗora umarnin jami'in da ke kula da hanya sama da alamun titi da fitilun ba da hannu. Idan kana ganin an yi maka ba daidai ba, bakin titi ba kotu ba ne. Ka faɗi naka sau ɗaya cikin ladabi, ka karɓi takarda, ka riƙe lambar jami'in da lokaci, ka kulle bidiyo, ka kai ƙorafi inda ake kaiwa. A nan ne katin memori yake da baki. Idan kuma motar da ke maka alama ba ta da tambari kuma ba ka yarda da ita ba, kada ka ƙure maleji, kada kuma ka tsaya a duhu. Rage gudu, sa sigina, nufi wuri mai haske da jama'a, ka nemi ganin katin shaida, in ta kama ka kira lambar gaggawa. A irin wannan dare kada ka dogara da idon baya, na riga na faɗi yadda fitila ke makantar da shi.

Zan sake sayenta? Zan sake, amma da na san abin da na sani yanzu, da na nemi wadda ta fi gani da dare, mai jinkirta kashewa na aƙalla minti goma, kuma da mai gyara zan kai wa haɗin tun farko. Wanda ke neman bidiyon yawon shaƙatawa mai kyan kallo, wannan ba tasa ba ce. Ta mai hawa kullum ce, wanda zai yarda ya zauna ya kalli tuƙinsa ko da abin da zai gani ba zai yi masa daɗi ba.

Makon da ya wuce wata motar sintiri ta sake shigowa bayana a kan wannan titin mai layi biyu, ta bi ni kusan minti huɗu kafin ta sa sigina ta wuce ta gefena. Da dare na zaro katin na duba ƙasan allo. 57, 57, 58, 57.